Ɗinkin Akushi

Ƙarar ta zo ta bango kamar an jefi rufin kwano da dutse, har Tela ya cire ƙafa daga kan keken ɗinki. Ya ajiye rigar da ke hannunsa, ya zaga shagon maƙwabcinsa da sauri.

Baba Mai Akushi yana zaune dirshan a cikin garin katako, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Injin da ke juya masa ice yana ta gurnani shi kaɗai. Akushin da yake sassaƙawa ya ƙwace daga bakin injin, ya daki bango, ya rabu uku. Tela ya kashe injin.

"Ya same ka?"

"Ta gefen kunnena ya wuce. Miƙo min ɓarin can in gani."

"Baba, ana ta ranka kana ta ice?"

Tsohon ya karɓi ɓarin, ya juya shi. "Ba laifinsa ba ne. Na ga tsagar tun farko, na yi masa gaggawa."

Shekara goma sha tara ke nan shagunansu suna manne, kuma Tela bai taɓa cin nasara a kansa a gardama ba. Icen na mangwaron tsakar gidan Baba ne, wanda marigayiya matarsa ta dasa shekarar da ta haifi 'yarsu Auta. Iska ta kayar da shi bara. Gungume uku Baba ya ware, ya ce zai yi wa Auta akushi. Na farko ya dare tun yana bushewa, na biyu ga shi a ƙasa. Saura ɗaya, shi ma da tsaga daga baki har kusan tsakiya.

Auta tana aure a wani gari mai nisa, kusan kullum sai ta bugo wa Tela waya. "Yaya, don Allah ka lallaɓa shi. Likita ya ce zuciyarsa ce, gado ya so ba shi, ya ƙi." Tela ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya yi fushin kwana biyu. Ƙafafun tsohon sun kumbura har ya yanke bayan takalminsa, amma ana maganar asibiti sai ya kunna inji.

Gungume na ukun, Baba ya bi shi a hankali. Ya huda ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare, don kada ta ci gaba. Ya kwaɓa gam da garin icen, ya cusa da bakin wuƙa, ya ɗaure da roba, ya bar shi kwana huɗu. Ya juya shi a injin sannu-sannu, yana tsayawa yana jingina da bango ya mayar da numfashi. Akushin ya fito, ja-ja, mai kyau. Washegari tsagar ta sake buɗe baki a gefen gam ɗin, ana hango haske ta cikinta.

"To ka huta," in ji Tela. "Ka ɗauki wani icen mana, ga su nan jibge."

"Wani icen ba uwarta ta dasa ba."

Bayan kwana biyu Baba ya ƙwanƙwasa bango, alamar kira. Tela ya tarar ya yi huji a jere gefe da gefen tsagar, goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, ga siririyar wayar tagulla a nannaɗe a kan benci. Yana ƙoƙarin zura ta, hannunsa yana rawa, wayar tana kauce wa ramin.

"Abin da gam ya kasa, ɗinki zai riƙe. Zauna ka ɗinke min."

"Ni tufafi nake ɗinkawa."

"Su ma ba wani iyawa ka yi ba. Zauna."

Tela ya dubi leɓɓansa da suka yi duhu, ya dubi ƙafafun. Ya ɗauki akushin da wayar ya rungume.

"Zan ɗinka. Amma sai ka kwanta a asibiti."

"Ajiye min kayana."

"Ba zan ajiye ba. Ka kira duk wanda za ka kira."

Suka yi ta kallon juna. Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙarfin bai kai ba, ya koma ya zauna. Can ya ce, "Ka girma a banza, Tela. Nemo mota."

Aka ba shi gado a bakin taga, aka sa masa robar iska a hanci. Auta ta iso a rana ta biyu. Tela kuwa ya ture ɗinkin mutane gefe, ya zauna da akushin. Wayar ba zare ba ce: ta lanƙwashe inda ba a so, ta yanke shi a yatsa, sau biyu tana karyewa a rami na bakwai. Wata mata da ta zo karɓar kayanta ta same shi yana zagin ice, ta juya ta tafi. A rana ta uku ya gama, ya naɗe shi a ƙyalle, ya nufi asibiti da ɗan alfaharinsa.

Baba ya sa aka tura Auta sayo ruwa, don kada ta gani. Ya sa tabarau, ya ɗaga akushin wajen haske, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Jan ya yi yawa a nan. Da a nan."

"Ai don ya haɗe."

"Wa ya ce maka haɗewa ake so? Ice yana numfashi, da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. In ka shaƙe shi, ta wani wurin zai fashe. Riƙe shi kawai za ka yi. Warware."

"Kwana biyu na yi a kansa, Baba. Dubi hannuna."

"Na gani. Warware."

Tela ya miƙe tsaye. "Kai dai ba a iya maka. Mutum ya bar aikinsa, ko sannu babu."

"In ka yi daidai zan ce sannu."

Tela ya fizgi ƙyallen ya naɗe akushin, ya fita ko sallama bai yi ba. A bakin ƙofa ya yi karo da Auta, ta ce, "Yaya, har za ka tafi?" Ya ce aiki ya yi masa yawa.

Ranar bai taɓa akushin ba, washegari ma haka. Ya ɗinka riguna huɗu, ya ɓata wuyan ɗaya. Sai a rana ta uku da safe ya sauko da shi daga kan kanta, ya warware wayar gaba ɗaya, ya yanko sabuwa. Wannan karon bai ja ba, ya bar tsagar da ɗan sararinta, wayar tana ratsa ta a kwance. Ko awa biyu bai yi ba. Da ya duba sai ya ga ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, abin ya ƙara ba shi haushi.

Wayarsa ta salula tana cikin aljihun rigar da ya rataye, bai ji kiran da Auta ta yi ta yi masa ba. Da ya shiga ɗakin marasa lafiya, gadon bakin taga babu zanin gado, wata nas tana goge katifar.

"Ɗan'uwansa ne kai? Sai haƙuri. Bai fi awa ɗaya da cikawa ba."

Ya fito ya zauna a bencin baranda, ƙunshin a kan cinyarsa. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa.

Auta ta fito daga ofishin likita, idanunta jawur, hannayenta biyu cike da tarkacen da aka kwaso daga gefen gadon. Ta zauna kusa da shi.

"Jiya sau biyu yana tambaya ko ka zo. Ya ce akwai saƙona a wurinka."

Tela ya dubi ƙunshin da ke kan cinyarsa. Ya kwance ƙyallen.

"Mangwaron gidanku ne," ya ce da ƙyar.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta da hannun karɓa, sai ta sunkuya ta zuba abin da ke hannunta a ciki: tabarau, agogo, makullin shago, da ragowar ƙwayoyin magani. Sannan ta ɗauke akushin daga cinyarsa ta ɗora a tata, ta riƙe shi da hannu biyu. Suka zauna, mai share baranda yana zagaye ƙafafunsu da tsintsiya.