Kwandon Sharar Baba

A gidansu Injiniya ake kiransa, duk da cewa ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Sana'arsa sharhi. Kowace Litinin yakan wallafa ra'ayinsa a shafinsa na intanet: wace kwamfuta ce ta fito, wace manhaja ce aka sabunta ta lalace, wane kamfani ne ya ƙara wa linzamin kwamfuta maɓalli na bakwai wanda babu mahaluƙin da ya roƙa. Daga ƙarshe sai ya raba taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Mutum ne mai rowar tauraro. Shayin matarsa ma ya taɓa ba shi uku da rabi, ya yi mako guda yana haɗa wa kansa.

Rubutun wannan makon shi ne "Hanyoyi Bakwai na Sa Tsohuwar Kwamfuta Gudu", kuma yana buƙatar tsohuwar da zai gwada a kanta. Nan ya tuna da ta mahaifinsa.

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a gidan waya kafin ya yi ritaya. Tun rasuwar Umma, shekara shida ke nan, yake zaune da babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya. Injiniya yakan zo gaisuwa, ba a ce ba ya zuwa ba. Yakan zo da makullin mota a hannu, ya durƙusa, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ido, ya duba agogo. Yaya ta taɓa auna masa lokaci, ta samu minti goma sha biyu har da cire takalmi.

Ranar Asabar da hantsi ya iso, ya tarar Baba ya tafi aski. Hakan ya yi masa daidai. Kwamfutar na kan teburin ɗaki, an lulluɓe ta da tawul, gefenta gilashin karatu da kwalbar man zafi. Ya san cikinta sarai, domin bara shi ya cire mata tsohon rumbun ajiya mai ƙugi, ya kwafe komai ya zuba a sabo. Sabon rumbun nan shi kaɗai ya taɓa samun tauraro biyar a wurinsa. Har ya rubuta a lokacin cewa: "Ba ya riƙon tarkace. Abin da ka goge ya tafi ke nan."

Hanya ta ɗaya a jerinsa ita ce a zubar da kwandon shara. Ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata yana son goge fayil ɗari uku da goma sha biyu har abada. Injiniya ya taɓa yin shafi guda cur yana bayanin cewa wannan tambaya raini ce ga mai ilimi. Ya danna "e" ko karantawa bai gama ba. Kwandon ya yi 'yar ƙara kamar an murje takarda, ya koma fari tas.

Yana ɗaukar hoton allon Yaya ta shigo da shayi. Ta dubi kusurwar allon, ta ajiye faranti a hankali.

"Injiniya, me ka yi wa kwandon nan?"

"Shara na zubar, Yaya. Ɗari uku da wani abu. Shi ya sa take jan ƙafa."

"Wasiƙunsa ne."

"Wasiƙun wa?"

"Na Baba. Duk Juma'a sai ya zauna ya rubuta wa Umma wasiƙa da yatsa biyu, ya ba ta labarin gida. In ya gama ya ja ta ya jefa a kwandon."

"A kwandon shara? Wa yake ajiya a kwandon shara?"

"Na tambaye shi. Ya ce ya san kwandon shara ne, shi ba jahili ba ne. Amma duk kwamfutar nan wurin kaɗai ne in ka jefa takarda take ɓacewa daga gabanka, kamar akwatin gidan waya."

Injiniya ya ajiye makullin mota a kan tebur, abin da teburin bai taɓa gani ba.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi. "Ana dawo da su. Na yi rubutu a kan haka."

"Ai ba ni na taɓa ba," in ji Yaya.

Askin Baba ba ya wuce awa ɗaya, sai in an shiga hirar gwamnati. Injiniya ya zaro filashinsa mai manhajojin ceto fayil guda uku. Ta farko, mai tauraro huɗu, ta yi minti ashirin tana bincike ta ce ba ta ga komai ba. Ta biyu, mai uku, ta daskare. Ya koma ga ta ukun, wadda ya ba tauraro ɗaya ya kuma ce launinta kamar na maganin tari. Ita ce ta jero masa su, ɗari uku da goma sha biyu cif.

Ya yi hamdala, ya buɗe na farko. Farar takarda. Ya buɗe na biyu, haka. Ya buɗe na hamsin, na ɗari, na ƙarshe. Sunayen ne kawai suka tsira, cikinsu kuwa wayam. Rumbun ya yi aikin da aka yabe shi a kai, bai riƙe tarkace ba.

Ba abin da ya rage sai sunaye, sai ya shiga karanta su. Baba bai san gajeren suna ba. Yadda ake cika bayan ambulan haka yake cika sunan fayil.

"An gyara famfon bayan gida."

"Ƙafar ta tashi amma kada ki damu."

"Jikarki ta fara tafiya, kamarki sak."

"Ɗanki ya zo bai zauna ba."

"Ɗanki ya fito a rediyo, na kira maƙwabta."

"Na karanta sharhin ɗanki ban gane komai ba amma ya iya."

"Ɗanki ya zo bai zauna ba 2."

Akwai har na goma sha tara. Injiniya ya kai shekara arba'in bai taɓa jin Baba ya yabe shi da baki ba. Ga shi yabon ya yi shekaru a ajiye, shafi-shafi, kuma da yatsansa ya goge shi domin ya samu hoton da zai sa a shafi. Kunya ta rufe shi, ga wani baƙin ciki da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya sake danna wanda aka ce ya iya ɗin, ko Allah zai sa. Farar takarda ta sake fitowa.

Sallamar Baba ta zo daga tsakar gida. Ya shigo da sandarsa, kai fes, yana ƙamshin hoda. Ya dubi ɗansa a kan kujerarsa, ya dubi shayin da ya huce, ya ɗauki gilashi ya saka ya sunkuya kan allon. Ya daɗe yana kallon kwandon.

"Baba, ni ne," in ji Injiniya, ya zame daga kujera ya durƙusa. "Ban sani ba. Na yi duk abin da na iya, ba za su dawo ba. Ka yafe mini."

Baba bai dube shi ba.

"An kwashe ke nan?"

"An kwashe, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Shekara shida ba a zo kwasa ba," in ji shi. "A zamaninmu da tuni an kori mutum."

Yaya ta juya ta fita da sauri, tana goge ido da gefen mayafi. Daga can ta ɗaga murya ta ce abinci ya sauka, in akwai mai ci. Injiniya ya ce akwai. Ya ci tare da Baba a faranti ɗaya, aka yi azahar yana nan, aka yi la'asar yana nan. Baba ya ba shi labarin wani buhun wasiƙu da ya taɓa faɗawa kogi, labarin da Yaya ta ce ta ji sau tamanin. Injiniya bai taɓa jin sa ba.

Da rana ta yi sanyi Baba ya ja kujera gaban kwamfuta.

"Yau ba Juma'a ba ce, Baba," in ji Yaya.

"Na sani. Ku ba ni wuri."

Injiniya ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ya ji tsohon yana buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin awa. Sannan ya gan shi ya kama linzami da hannu biyu, ya ja fayil ɗin a hankali zuwa kusurwar allo. Kafin ya sake shi cikin kwandon, Injiniya ya hango sunan daga inda yake tsaye: "Ɗanki ya zo ya zauna."