Gwangwanin Sa'adiyya

Daudu bai taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Kazaure. Amma ka taɓo masa zancen ƙaguwa, sai ka gaji da ji. 'Yarsa Sa'adiyya ce ta koya masa, ita da ta tafi kudu karatun halittun teku, har mutanen Gwiwa suna yi masa tsiya wai 'yar makiyayi ta bar shanu ta koma kiwon ƙwari.

Duk hutu sai ta zo da sababbin halittun teku waɗanda ta shanya da hannunta, ta naɗe su a auduga cikin gwangwanin madara. Ta baje su a tabarma, ta kama yatsansa ta ɗora.

"Baffa, ƙirga ƙafafun ƙaguwar nan. Goma ne, na gaba biyu su ne almakashinta. Ƙashinsu a waje yake, naman a ciki. Wannan jatan lande ne, da gashin bakin nan yake lalube. Wannan ƙaguwar kuwa bayanta taushi gare shi, sai ta sami kwanson dodon-koɗi ta shige."

"Ashe har a teku akwai 'yan haya," in ji shi.

Daudu bai yi boko ba. Sai ya taɓa kowanne sannan bayaninta yake dawo masa, har da muryar. Da zazzaɓi ya ɗauke Sa'adiyya a farkon damina, wannan muryar ce kaɗai ta rage masa, kuma a gwangwanin take.

Mata suka kwashe kayan ɗaki don masu zaman makoki, gwangwani ya bi kwanuka zuwa madafi. Ranar sadaka ƙanwarsa Ma'u, mai aure a Babura, ita ta riƙe tukunya. Ma'u kuwa akwai zafin nama, tambaya ce dai ba ta iya ba. Ta buɗe gwangwanin, ta ji ƙarni irin na kirifish ɗin kasuwa, ta juye a turmi ta haɗa da daddawa.

Miya ta yi daɗi, wannan kam babu ƙarya. Daudu da ya kwana biyu abinci ba ya wuce masa, har ƙari ya nema.

Bayan la'asar kewar 'yarsa ta taso masa, ya shiga neman gwangwani.

"Yaya, wai na kirifish ɗin nan?" in ji Ma'u, tana share ido da bakin mayafi. "Ai shi ka ci a miya. Allah ya jiƙan yarinyar nan, har kayan miyar sadakarta ta tanada."

Ta miƙo masa kwanson dodon-koɗin. "Wannan ne ya ƙi dakuwa, sai na zaro na ciki."

Zuciyarsa ta karye. Ya zauna a gindin turmin ya shafa kwanson, ya sake shafawa, yana jiran muryar. Ya juya shi ya leƙa ciki. Babu kowa.