Giɓi Daban, Wushirya Daban

Da Dakta Timothy ya miƙa wa Hajiya Sa'adiya madubi, shi yabo kawai yake jira. Mako uku ke nan yana fama da bakinta, tun ranar da ta zame a matakalar ma'aikatarsu ta bar haƙoran gaba biyu a ƙasa. Ya fere na gefe da gefe suka zama ginshiƙai, ya sa an ƙero gada mai haƙora huɗu manne da juna. Yau ya ɗora mata ta gwada kafin ya liƙe ta dindindin.

Ta duba, ta ƙara dubawa. Haƙora farare tas, a jere reras, ko tsinken sakace ba zai ratsa tsakaninsu ba. Nan take ranta ya ɓaci.

"Likita, ina wushiryata?"

"Ina me, Hajiya?" Hausarsa ta kasuwar Wuse ce, ta isa gaisuwa da ciniki, amma ba ta kai nan ba.

"'Yar ƙofar da ke tsakanin haƙorana. Ba na ba ka hotona na da ba?"

"Oho, wannan giɓi! Na gani, shi ne na gyara maka shi duka. Yanzu ya yi daidai."

Gyara fa! Giɓi ai tsautsayi ke kawo shi, wushirya kuwa Allah ke bai wa wanda ya so. Shi bawan Allahn nan duk kuɗin goro ya yi musu.

Nabilah, 'yarta da za a ɗaura wa aure ranar Asabar, ta matso kusa da kujerar. "Mama, don Allah ki bari ya liƙe. Wallahi sun yi miki kyau. Kwana huɗu fa ya rage, ga baƙi, ga masu hoto."

Likita ya sosa ƙeya ya ce ana iya ƙero wata mai ƙofar, a haɗa haƙoran ta baya da siririn ƙarfe, amma sai an ba shi mako biyu. Wannan kuwa in ya liƙe, ba ta fita sai an yanka ta.

"To cire," in ji Hajiya.

"Mama! Haka za ki shiga taron bikina, baki wayam?"

"Haka zan shiga, kuma zan yi dariya har a ga dasashina. Wanda bai taɓa ganin giɓi ba ya zo ya ƙoshi da kallo."

"Saboda 'yar tsaga kawai?"

Hajiya ta ajiye madubin a cinyarta. "Kakarki ta rasu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Hotonta ko ɗaya ba ni da shi. Shekara talatin ke nan, in kewarta ta kama ni, madubi nake ɗauka in yi murmushi, sai in gan ta. Wushiryar nan kaɗai ta bar mini. Ita kike so in bari a toshe don hoton yini ɗaya?"

Nabilah, wadda ta sa aka rufe tata wushiryar da wayar haƙori tun tana jami'a, ta kai hannu ta rufe bakinta.

Hajiya ta jingina da kujera ta dubi likita. "Bismillah, cire abinka," ta ce, ta wage baki.