Kiran Suna na Ƙarshe a San Tarsicio

Da takardar bishop ta iso cewa za a rufe makarantarmu ta San Tarsicio, sai aka ce ni Arcesio in rubuta tarihinta, wai don na fi kowa daɗewa a ciki. Ba su yi ƙarya ba. Na shiga ina ɗan shekara tara, na gama, na dawo ina koyar da labarin ƙasa, ga shi furfura ta cinye kaina ban bar harabar ba.

Abin da kowa ya sani ba shi da wuyar rubutawa. A 1931 limaman Katolika uku suka hauro dutsen nan da alfadarai, ɗaya yana ɗauke da ƙararrawa. Alfadarin ya mutu a hanya, mutanen gari suka ƙarasa da ita a kafaɗa. Aka gina azuzuwa can ƙololuwa inda iska ta fi kaɗawa, wai sanyi yana gyara tarbiyyar 'ya'ya maza. Ni dai mura kawai na san ya ba mu. A da ɗalibai sun kai ɗari shida. Bana talatin da takwas suka rage, don masu gonakin kofi duk sun tattara sun gangara birni.

Abin da ya gagare ni rubutawa shi ne kiran suna. Duk watan Agusta, ranar bikin waliyyin makarantar, tsofaffin ɗalibai sukan taru a tsakar gida bayan an fito daga coci, a buɗe babban littafi a kira kowa aji-aji. Wanda ya zo ya ce, "Ga ni." Wanda bai zo ba, wani nasa ya faɗi inda yake. Wanda ya mutu a shekarar kuwa, sai a ce "Ya huta," a kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, a ja layi a kan sunan. Daga ranar ba a sake kiransa.

Evelio Betancur abokina ne, benci ɗaya muka zauna shekara takwas. A 1989, muna dawowa daga tsinkar kofi a ƙetaren kogi, 'yan bindiga suka tare motarmu a bakin gada, suka sauke mu biyu. Ni suka ce in ruga kada in waiwaya, in kuma na buɗe baki sun san gidanmu. Na waiwaya. Na ga ya faɗi, na ga sun tura shi ruwa. Da na iso gari sai na ce sun tafi da shi. Da farko tsoro ne ya rufe min baki, daga baya kunya ta karɓa.

Shi ya sa duk shekara in an kira sunansa, mahaifiyarsa Doña Herminia takan miƙe daga bencin iyaye ta ce, "Yana hanya." Sau talatin da huɗu ta faɗi haka. Ashirin daga ciki ni ne mai riƙe da littafin, kuma ba shekarar da ban tsani kaina ba.

Saura kwana biyu a yi kiran ƙarshe na gangara gidanta da la'asar. Na riga na yanke cewa ba za a rufe littafin nan da ƙaryata a ciki ba, ko da za ta tofa min yawu. Na same ta a madafa tana gasa wainar masara, shekara tamanin da takwas amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata kasko.

"Arcesio mai ƙaton kai, har yanzu hancinka bai daina jiyo ƙamshin abincin mutane ba?" in ji ta. "Zauna, kada ka tare min haske."

Ta zuba min kofi, ta yi ta mita a kan bishop da gwiwoyinta da jikokin da ba sa kira. Na bar ta ta gama, sannan na faɗa mata komai, tun daga gada har ruwa. Ban iya kallon fuskarta ba, hannunta na kalla. Ta juya wainar, ta danna ta da yatsa, ta kwashe.

"Na sani, ɗana," ta ce.

Na tambaye ta wa ya gaya mata.

"Kai mana. Garin nan kaf, daga limamin coci har mai sayar da gawayi, ba wanda bai taɓa tare ni ya ce ko an ji labari ba. Kai kaɗai ne ba ka taɓa tambaya ba. Tun shekarar farko na gane."

Raina ya ɓaci, ban san ko da ita ko da kaina ba. Na ce to don me ta yi ta miƙewa a gaban jama'a tana cewa yana hanya, mutane na ƙus-ƙus wai baƙin ciki ya taɓa mata hankali?

"Wanda ya mutu sau nawa kuke kiransa?" ta ce. "Sau ɗaya, ku ja layi. Ba ni da kabarin da zan je in share. A gida ma an daina ambatonsa, wai kada a tayar min da hankali. Wuri ɗaya ya rage a duniya da ake ɗaga murya a ce Evelio Betancur, kamar zai amsa. Da kai ne za ka bari a ja layin?"

Ta tura min wainar gabana ta ce in ci kafin ta huce. Na ci, ina kuka kamar yaron da aka kawo makarantar kwana ranar farko, ita kuma ta ci gaba da aikinta.

Ranar bikin tsakar gida ta cika fiye da yadda na taɓa gani. Waɗanda suka shekara talatin ba su leƙo mu ba duk sun hauro, da tumbinsu da motocinsu, suna ɗaukar hoton bangon da suka bari ya tsattsage. Fada Anselmo, limamin coci kuma shugaban makarantar na ƙarshe, ya riƙe igiyar ƙararrawa da kansa. Na fara kira, ana amsawa, har na zo ajinmu.

"Evelio Betancur."

Doña Herminia ta dafa sandarta ta miƙe. Kowa ya san abin da za ta ce, wasu har sun sunkuyar da kai.

"Sake faɗa, ɗana," ta ce. "Kunnena ya yi nauyi."

Matar da take jin faɗuwar cokali daga ɗaki na uku. Na sake faɗa, da ƙarfi. Ta ce in ƙara. Na ƙara, da duk muryar da ta rage min, har sunan ya bugi bangon coci ya dawo. Ta tsaya ta saurare shi sai da ya ɓace.

"Ya huta," ta ce, ta zauna.

Fada Anselmo ya kalle ni, na gyaɗa kai, ya ja igiyar sau ɗaya. Na ɗauki alƙalami na ja layin, ya fito a karkace. Akwai sauran sunaye a ƙasa, amma sai wani ne ya karɓi littafin ya ƙarasa.