Toka a Filin Gwaji

Shekara uku Malama ta yi tana bin masara kunya-kunya. Aikinta a cibiyar binciken noma shi ne ta gano, a lissafe, ko takin da manomi ke zubawa yana dawo masa da hatsin da ya kai kuɗinsa. Ta raba filin gwaji gida ashirin da huɗu. Wasu ta ba su cikakken taki, wasu ta hana su fotash, sinadarin da ke ƙara wa buhu tsada. Da ta zuba alƙaluman a kwamfuta, sai ga abin mamaki: masarar da aka hana fotash ta yi kai ɗaya da wadda aka ba. Farfesan da ke duba aikinta har miƙewa tsaye ya yi. Aka tsayar da Litinin za ta tara malaman gona ta ce a daina sa manoma ɓarnar kuɗi.

Ranar Alhamis da hantsi ta leƙa ɗakin ajiya don ta gode wa Baba Sikeli, tsohon da ke kula da filin yana auna amfanin. Ta tarar yana ɗinke bakin buhu.

"Baba, aikinmu ya yi kyau. Masarar nan ta wajen rijiya, mai farar alama, ashe ba ta rasa komai ba."

Tsoho ya yi dariya. "Ai dole, 'yata. Ba don ni ba da tuni ta sheƙa."

"Kamar yaya?"

"Shekarar farko na ga gefen ganyenta yana ƙonewa, 'yan'uwanta kuwa shar da su. Na ce wa ke raba abinci ya tsallake ɗa guda? Sai na riƙa kwaso tokar murhun iyalina, bokiti biyu duk mako, ina barbaɗa mata."

Biro ya suɓuce daga hannun Malama. Toka! Ko ɗalibin da ya shigo jiya ya san cike take da fotash.

"Baba... duk shekara ukun?"

"Ban taɓa fashi ba. Har ta maƙwabta nake roƙowa."

Ta zauna a kan buhu tana salati a hankali. Murmushin tsoho ya ɓace.

"Ɓarna na yi?"

"Da gangan muka hana ta, Baba. So muke mu ga abin da za ta rasa."

Ya saki baki yana kallonta, allura a hannu. "Da gangan? Ku shuka abu da hannunku ku bar shi da yunwa?" Ya girgiza kai. "To me ya hana ki faɗa mini?"

Alamomi ta ba shi da littafin rubuta nauyi, amma ko sau ɗaya ba ta zaunar da shi ta yi masa bayani ba.

Da ta gaya wa Farfesa, ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ta:

"Takardun shawarar da za a raba wa malaman gona, nawa aka buga?"

"Dubu biyu, ranka ya daɗe."

"An raba?"

"Tukuna."

"To Allah ya rufa mana asiri." Ya jawo waya zai kira ofishin ma'aikata, ya ce yau tsohon nan zai bar aiki.

"Laifina ne," in ji ta. "In kora ce, da ni za a fara."

Ya ajiye wayar yana huci. Aka soke taron. Ita da kanta ta kwashe takardun a bayan motarta, sahu uku, ta kulle su a ofis.

Da damina ta dawo suka sake shuka daga farko. A wannan karon amfanin masarar da aka hana fotash ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Malama ta duba alƙaluman sau biyu, tana tuna ƙauyuka nawa ne suka kusa bin shawararta.