Allurar Ɗan Mai Gilashi

A layin masu gilashi Sake-Awo ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Mutum ne da zai auna taga ya koma shago, ya dawo ya sake aunawa, sai ka ce tagar ƙara girma take yi idan ya ba da baya. In an tsokane shi ya ce gilashi ba yadi ba ne, wanda ya tsaga ba daidai ba babu telan da zai ɗinke masa. To, irin wannan mutumin ne aka tsayar a ɗakin haihuwa da hantsi, aka ce ya yanke shawara yanzu-yanzu.

Matarsa aiki aka yi mata aka ciro yaron, ba ta farfaɗo daga maganin barci ba tukuna. Shekaru suka yi suna neman haihuwa har mutane suka gaji da tambaya. Ga yaron nan a ɗan gadon ƙarfe, an naɗe shi da tawul, gefen kansa ya ɗan kumbura saboda wahalar da aka sha kafin a shiga da uwar. Ungozoma na tsaye da faranti a hannu, da auduga da wata 'yar allura a kai.

"Bitamin K ce," in ji ta. "Jarirai da ɗan kaɗan ɗinsa suke zuwa duniya, nono ma ba ya ba su isasshe, kuma shi ke sa jini ya daskare. Sau ɗaya ake yi, a cinya. Ina so in yi masa tun yanzu, musamman da kan nan nasa ya sha matsa."

"Ba za a yi ba."

Yayarsa ce ta amsa daga bakin ƙofa, da kwandon kayan maijego a hannu. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi koyon sana'a, ita ta nemo masa matar. Tun da ya yi wayo bai taɓa ce mata a'a ba, bai ma san yadda kalmar za ta fito daga bakinsa ba.

"Yaron da ko nono bai kama ba za ku soma da tsira masa ƙarfe? Ɗan maƙwabciyata da ƙafafunsa ya je aka yi masa allura, yau jan ƙafar yake yi. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba."

"Na san irin abin da kike faɗa, uwa," ungozomar ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yakan faru idan aka yi a ɗuwawu aka taɓa jijiya. Shi ya sa muke yi a cinya. Amma uban yaro ne zai ce, in ya hana ba zan yi ba."

Duk suka juyo suna kallonsa. Sai ya miƙa wa ungozomar hannayensa biyu kamar mai shirin karɓar kaya. Babu yatsan da ba shi da tabo, tafin kuwa duk zane ne fari-fari.

"Malama, dubi nan. Kullum sai gilashi ya yanke ni, ban taɓa zuwa asibiti ba. Kafin in nemo tsumma jinin ya tsaya. Jininmu mai kyau ne, ai ɗa na ubansa yake gado."

"Zai gada, in ya girma. Yau dai bai gada ba."

"To mu bari mu gani mana. In na ga jini a cibiya ko hanci, ko a ina nake zan kawo shi da gudu."

"Na cibiya da hanci za ka gani," ta ce. "Wanda nake tsoro na cikin kai ne. Ba kowane yaro yake samu ba, yawanci lafiya suke tashi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda ya samu, wani lokaci sai an yi makonni, yaro yana tsotso lafiya lau, sannan ka ga ya yi laushi. Kafin a gane an makara."

Yaya ta ja tsaki. "Tsoratar da mutane dai kuka iya. Mu wa ya yi mana, ga mu nan da ranmu?"

Sake-Awo ya matsa kusa da gadon. Ya sunkuya ya ɗauki yaron, ya nufi taga da shi. Haka yake yi da kowane gilashi kafin ya ɗora masa abin yanka: ya ɗaga shi saitin rana, ya karkata shi nan, ya karkata can, duk tsagar da ta ɓuya sai ta yi ƙyalli ta tona kanta. Hannunsa ne ya yi aikin da ya saba, shi bai ma lura ba. Ya juya kan yaron a hankali cikin haske, ya ƙanƙance ido, ya bi kumburin da kallo, ya bi maɗigar da ke bugawa a hankali. Ya sake juyawa. Ya ga fata da gashi mai laushi da wata 'yar jijiya a gefen goshi, daga nan kuma ido ya ƙare. Komai daɗewar da zai yi a tagar nan, abin da ke ciki ba zai nuna ba.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dawo da yaron gado da ƙyar.

"A yi masa," ya ce.

Yaya ta dire kwandon a ƙasa. "Ni kake mayar wa magana a gaban bare? To shi ke nan. Duk abin da ya sami ƙafar yaron nan, a wuyanka."

"Ai dama a wuyana yake, Yaya," ya ce. "Ki yi haƙuri."

Ta fice, yana jin takunta har ƙarshen baranda. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai bi ta ba.

Ungozoma ta ce ya riƙe ƙafar. Cinyar ba ta fi babban yatsansa biyu ba. Ta goge wurin, ta tsira, yaron ya tsala ihu har fuskarsa ta yi jajir. Ɗigon jini ya fito, ta ɗora auduga ta ce ya danna. Ya danna, ya ƙi ɗagawa. Sai da ta kama hannunsa da kanta ta janye. Wurin ya bushe, ƙafar kuma sai harbin iska take yi da ƙarfinta.

Ya sauke numfashi, ya share fuska da gefen riga.

"Malama, yaya zan gane ta yi aiki?"

Ungozomar ta jefa allurar a kwalin shara, ta ɗauki farantinta.

"Ba za ka gane ba, baban yaro. Za ka dai ga yana girma."