Bargon Kyalla

Ladidi ta fito da butar ruwan zafi a hannu, sai ta tarar da bargon a bayan akuya.

Ta tsaya cak. Bargo ne mai kauri, ruwan toka, wanda ta zaga 'yan gwanjon kasuwar Gusau har ƙafafunta suka yi zafi kafin ta samo shi. Ta wanke, ta sake wankewa, ta turara, ta shimfiɗa wa surukinta jiya da yamma. Yanzu ga shi an naɗe Kyalla, akuyar tsohon, da shi, an ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki, ɗauri mai kyau kuma, na wanda ya zauna ya natsu. Akuyar tana tuƙa abinta, tana kallon Ladidi kamar ita ta saya.

Malam Jatau na zaune a tabarma bakin ɗakinsa, ya ba rana baya, yana jan carbi.

Surukar kirki ba ta yi wa uban mijinta faɗa, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi. A da, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita a durƙushe, shi yana kallon gefe. Amma da tsohon ya dawo gidansu da zama, maganar ta fi ƙarfin gaisuwa, sai suka samo wa kansu hanya ba tare da sun yi shawara ba. Duk mai abin faɗa, akuya zai gaya wa.

Ladidi ta aje butar kusa da tabarma, ta juya. "Kyalla, ke kam kin ji daɗinki. Wasu na yawon kasuwa, ke kina shan ɗumi."

"Kyalla," in ji tsohon, "ki ce ma masu yawon kasuwa an gode. Amma ni ba ni rufa da kayan matattun Nasara. Wa ya san abin da yak kashe mai shi?"

"An wanke shi hwa, Kyalla. Har turare anka sa."

"Ko ruwan gulbi anka ƙarar a kansa, Kyalla, ba ni rufa da shi."

Ladidi ta danne haushinta. Bara ne 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu can bayan Tsafe, Malam Jatau ya iso Gusau da buta da sanda da wannan akuya. Hunturun farko a ɗakin siminti ya kusa tafiya da shi. Tari ya kama shi har sai da aka kwantar da shi a asibiti, kuma likita ya ce musu in suna son tsohonsu, kada su bar sanyi ya sake shigarsa. Don haka bana, tun ana yankan dawa Ladidi ta ɗaura ɗamara. Daga ɗan abin cefanen da mijinta Ashiru ke bari take tsakura. Ta roƙo karan dawa daga gidansu a Nahuce ta jibge bayan madafa, ta samo wa 'ya'yanta rigunan sanyi masu girma don su kai baɗi, ta toshe tagogi da kwali da buhu.

Tsohon kuwa yana bin aikin nata yana warwarewa. Kwalin tagarsa ya ɓaɓɓake shi, wai ba a binne shi ba tukuna. Rigar sanyin da ta sayo masa ya ba ladanin unguwa. Man kaɗen da ta ba shi don kaushi, takalminsa ya shafa wa. Safa kuwa, goro yake ajewa a ciki.

Abu ɗaya yake so, kuma kowa a gidan ya haddace: gadonsa na ƙasa da ya baro a ƙauye, wanda ya gina da hannunsa, mai kogo a ƙasa inda ake zuba garwashi ya kwana yana gasa masa baya.

Ya gama alwala da ruwan zafin, ko ba komai wannan bai taɓa ƙi ba. Sannan ya share gemu.

"Kyalla, ɗari ya kusa. Na ji shi cikin gwiwata. Ni za ni gida in kwanta bisa gadona. Wanga siminti shan jinin mutum shikai."

Ya sha faɗin haka. Amma yau Ladidi ta hango jakarsa a ɗaure bakin ƙofa. A ƙauyen nan babu wanda ya rage sai waɗanda ba su da ƙafar gudu, kuma ko a watan jiya an tare mota a hanyar.

Ta shige ɗaki ta kira Ashiru. Direba ne, yana can hanyar Funtuwa da lodi, ƙarar injin ta cika wayar.

"Abban Nana, Baba hwa ya ɗaure jaka."

"Ki lallaɓa shi."

"Da mi zan lallaɓa shi? Bargon ma akuya yab ba."

Ashiru ya tuntsire da dariya. Wai dariya! "Ki dai lallaɓa shi, Ladidi, jibi ina nan tahe. Ga shingen 'yan sanda gabana." Ya kashe.

Ta bi wayar da harara, ta goya jinjirarta A'isha, ta zura hijabi, ta nufi shagon mai gidan da suke haya, Alhaji Dalhatu, mai sayar da fenti. Ya saurare ta da baki buɗe.

"Gadon ƙasa? Cikin ɗakina? In sa siminti, in sa silin, ki zo ki hura mini wuta ƙarƙashin tsoho? Malama, nan birni na."

"Alhaji, tahiya zai yi."

"To ni ina ruwan silin ɗina da tahiyatai?" Ya ga yadda ta tsaya ba ta da niyyar motsawa, ya yi tsaki. "Ga madafa can, ita ta ƙasa ce, ta riga ta sha hayaƙi. Ki gina masallaci ma a ciki in kina so."

Madafa! A hanya Ladidi ta riƙa jin muryoyin matan unguwa tun kafin su buɗe baki: ta kai uban miji ɗakin girki. Sannan ita ina za ta yi tuwo, a cikin ɗarin da ke tafe? Ta iso gida ba ta sami amsar ko ɗaya ba. Ta dai fara fitar da tukwane.

Tsohon yana ɗaki, ƙofarsa a saye. Ta ɗauko fartanya ta sassari tsohuwar katangar da damina ta kayar a bayan gida, ta kwaso ƙasar da kwano, ta zuba ruwa, ta shiga da ƙafa. Rabonta da ganin ana gina irin gadon nan tun tana yarinya a ɗakin kakarta a Nahuce, kuma lokacin hankalinta na kan gyaɗar da ake gasa mata ne, ba kan ginin ba. Ta dai jera curi, ta bar rami a tsakiya, ta ɗora wani tsohon kwanon rufi a kai. Abin ya fito a karkace, gefe guda ya zauna kamar tuwon da ya sha ruwa. Tana yi tana mita, tana ambaton Ashiru da shingensa, da Alhaji Dalhatu da silin ɗinsa.

Kukan Kyalla ne ya fito da ita, wajen azahar. An kwance akuyar daga turkenta an ɗaure ta a ƙofar ɗakin Ladidi, an zuba mata harawa. Ɗakin tsohon a buɗe. Ba jaka, ba buta, ba sanda.

Ta dubi akuyar. Mutumin da ya ratso daji da akuyar nan a kafaɗa, harsashi na bin sa, bai yar da ita ba. In yau ya bar ta, to ya san irin hanyar da ya ɗauka, kuma bai sa ran dawowa ba.

Ko hannu ba ta wanke ba. Da A'isha a bayanta ta leƙa maƙwabta ta ce su duba mata 'yarta Nana in ta dawo makaranta, ta tare Keke Napep. Mai keken ya dubi ƙafafunta ya dubi kujerarsa, ta ce masa in bai ja ba za ta shafa masa a riga.

A tasha ta same shi, a gidan gaba na wata tsohuwar mota mai zuwa Tsafe, jaka a cinya, sanda tsakanin gwiwoyi. Saura mutum ɗaya mota ta cika. Ladidi ta tsaya a jikin tagar, sai a lokacin ta tuna ba akuya. Babu wanda zai kai mata saƙo. Ta zagaya ta buɗe ƙofar baya, ta juyo da goyonta gaba, ta zauna.

"Hajiya, ina zuwa?" in ji direba.

"Inda tsohon nan za shi."

Malam Jatau bai waiwayo ba, amma wuyansa ya sandare. Can ya ce, "Direba, ka ce ma wagga ta sauka. Da jinjira a hannunta."

"Direba, ka ce mishi in ya sauka na sauka."

"Direba, ka ce mata hanyar ba ta mata ba ce."

"Direba, ka tambaye shi, ta tsofaffi ce?"

Direban ya daki sitiyari. "Kai jama'a! Ni direba ne ko ɗan aike? Ga ku ga juna, kujera guda tar raba ku! In za ku, mu tahi, in ba ku zuwa ku ba mutane wuri!"

Wata mata mai kwandon tumatir ta gyara zama don ta ji da kyau. Ladidi ta ji kunya kamar ta nutse, ta kuma ji tsoro ya fi kunyar yawa. Ta miƙa hannu ta dafa bayan kujerarsa.

"Baba."

Ba ta taɓa kiransa haka don wata magana ba sai gaisuwa.

"Baba, na kwaɓa ƙasa. Gado nika gina maka. In ka tahi, ban san abin da zan ce ma su Nana ba."

Ya juyo a hankali. Bai dubi fuskarta ba, hannun ya duba, laka ta bushe a kai har gwiwar hannu tana tsattsagewa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa farce ya ɓanɓaro kaɗan, ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Kin sa ciyawa a ciki?"

"A'a."

"Ba ciyawa?" Ya ɗaga murya har mai tumatir ta zabura. "Gado ba ciyawa? Wutar farko zai dare gida biyu! Wa yak koya miki gini?"

"Ba kowa, Baba."

"Ai ga alama nan." Ya buɗe ƙofa, ya zura sanda waje. "Direba, ba ni hanya. Za a ɓata ƙasa a banza."

Da suka isa gida ya tsaya bakin madafa ya dubi aikin nata, ya yi salati, ya kira Kyalla ta zo ta shaida. Sannan ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya rushe komai da ƙafa. Ya aiki Ladidi neman busasshiyar ciyawa, ya raina wadda ta kawo, ya sake aikenta. Bai ko tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi madafa ba. Matan unguwa suka yi ta leƙe, suka yi maganarsu, ya fito da laka a gemu ya ce su matsa suna tare masa haske.

Ladidi ta so a bar mata ɗan lungu guda ta aje murhu. Amma gadon sai faɗi yake ƙarawa, daga bango har bango.

"Kyalla," ta ce, "mutum guda zai kwanta ko fasinjan Tsafe?"

"Kyalla, ki ce ma wanda bai iya gini ba shi yi shiru."

Ashiru ya dawo ya tarar an gama, ya zaga yana yabawa, har yana cewa ai dama ya san za ta lallaɓa shi. Ladidi ta harare shi, ta ci gaba da aikinta.

Ɗarin ya sauka ranar wata Talata da asuba, irin mai shiga ƙashi. Ladidi ta fito tsakar gida, inda ta kafa duwatsun murhunta a fili, haƙoranta na haɗuwa. Ashana ta ƙi kamawa, iska na kashe ta. Ta leƙa madafa don ta ɗebo garwashi. Ɗumi ya daki fuskarta. Tsohon na kwance a gefe guda yana minshari, ba tari ko ɗaya. A ɗaya gefen, inda ta so ta sa murhu, Nana ce da A'isha, waɗanda ya sa a kawo masa tun daren jiya, sun baje hannuwa, goshinsu har da gumi. Sai yanzu ta gane da wa aka auna faɗin gadon. Ta daɗe a tsaye da kasko a hannu, idonta ya cika, ta ɗora wa hayaƙi laifi.

Ta koma waje ta hura wutarta, sanyi na yankar mata kunne. Ta duba hagu ta duba dama. Duk gidan nan kowa na cikin ɗumi, har dabba. Ta taka zuwa turke ta fara kwance igiyar.

"Ba ni bargona, Kyalla."

Akuyar ta fasa kuka kamar ana yanka ta. Minsharin ya tsaya. Ladidi ta ƙame da bargon a hannu, tana jiran abin da za a aiko mata.

"Ladidi," in ji muryar tsohon daga ciki, kai tsaye, ba ɗan aike. "Ki rufa da shi, ɗiyata. Na gwada shi bisa Kyalla, bai kashe ta ba."

Ta yafa shi, warin akuya ya cika mata hanci. Ta ɗora tukunyar kunu.